Leɓen Kura da Hannun Baffa Iliya

Baffa Iliya, ƙanin babana, da hannu ɗaya yake alwala. Ni kuwa ina zaune a gurin ranar da aka ja masa wannan, sai dai ban gane ba sai da na yi gemu.

A ƙauyenmu kusa da garin Babban Mutum, idan sanyi ya shigo, ana gama cin tuwo kakarmu Iya Dije ke hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta. Mu jikoki mu yi mata rumfa. Ni angon banza take kirana, wai ko sabulu ban taɓa sayo mata ba. 'Yar maƙera ce, a bakin zugazugi ta tashi, don haka kunnenta ya san kukan ƙarfe.

Baba da Baffa Iliya suna da injin yankan itace guda, irin mai sarƙa. Baba ke wasa sarƙa, Baffa ke yanka. Kowane haƙorin sarƙar yana da ɗan tudu a gabansa, mu leɓe muke ce masa, shi ke hana haƙori cizon itace fiye da ƙima. Haƙori ana bin sa da siririn magagari, sau uku-uku. Leɓe kuwa shafa shi kawai ake yi, shi ma jefi-jefi.

Ran nan akwai wani ƙaton busasshen gawo da za su yanka a Mai'adua washegari, Baba ya ci alwashin a wuni ɗaya za su gama. Yana gefe yana washi, sai ya ajiye siririn magagarin ya ɗauki mai faɗi, ya hau kankare leɓuna, don sarƙar ta ƙara ci. Kukan ƙarfen ya sauya. Iya ta yi cak da kara a hannunta.

To ga inda gizo ke saƙar. Baba ɗan farinta ne. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, balle ta yi masa gyara a gaban 'ya'yansa. "Wancan" take ce masa. Baffa Iliya kuma shi ne autanta.

Sai Iya ta ɗaga murya fiye da kullum: "Ga ta nan, ga ta nanku, har da manya masu aiki a hannu."

Muka ce ta zo mu ji ta.

Wai Kura ce ta je gurin maƙeri ya wasa mata haƙora. Ya wasa, suka yi tsini. Ta ce, "Saura leɓen nan, shi ke tare mini nama. Kankare shi." Maƙeri ya ce, "Kura, wanda ya yi haƙori shi ya yi masa leɓe." Ta zare masa ido, ya kankare. Ta dawo gida tana yaƙe, ta tarar da autanta ya fito bakin rami. Ta sunkuya ta ɗauke shi da baki, yadda ta saba tun yana jariri.

"Ba cizo ta yi niyya ba," in ji Iya. "Ɗauka ta yi. Ta ji abu mai ɗumi a harshenta. Ta ajiye shi, bai motsa ba."

Shi ke nan. Ko ƙurunƙus ba ta ce ba. Wayyo! Ƙanwata ta fasa kuka. Mu da muka saba a ci Kura da dariya, yau ga gawar jariri an ajiye mana. Baba bai ɗago kai ba, ya ce, "Yau dai yaran nan ba barci." Baffa Iliya ya fi kowa dariya: "Haba Iya, wannan ai sai ki sa mu mafarki!"

Washegari ko azahar ba a yi ba wani mai babur ya faɗo gidan, rigarsa jina-jina. Sarƙar ta cafki gawon, injin ya yi tsalle baya ya sauka a hannun Baffa na hagu. An wuce da shi asibiti a Daura. Salati ya kaure. Iya ba ta yi kuka ba, ta zame ta zauna a ƙasa. Rai ya tsira, hannu bai dawo gida ba. Baba bai sake taɓa magagari ba har ya koma ga Allah, ita ma ba ta sake yi mana tatsuniya ba.

Sai da na kama sana'ar da kaina, ranar da na fara kankare leɓe na ji wannan kukan ƙarfen, sannan na gane. Na je na sami Iya, ta tsufa tukuf. Na ce, "Iya, Kurar nan ke kika ƙirƙiro ta?"

Ta ce, "Angon banza, sai yau? Kalma biyu ce fa. In kira sunansa, in ce bari. Kunya ta hana ni, na tsaya zagaye-zagaye."

Yanzu ranar kasuwa masu inji kan ce, "Malam, rage mini leɓen nan ta ƙara ci." Ba na ba su labarin Kura. Sunan mutum nake tambaya, in kira shi da shi, in ce masa a'a.