Gangar da ke bakin taga

Akwai wata gangar giya guda ɗaya da har in bar duniya ba za ta fita daga raina ba, ko da yake tuntuni na bar wannan sana'a.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfanin giya kusa da garin Woodbridge, can ƙasar Turawa, ni ne mai awo da ɗanɗanawa. Kowace shekara mukan zuba baƙar giya a gangunan katako, mu rufe, sai shekara ta zagayo mu buɗe. Dahuwa ɗaya ce, rana ɗaya aka zuba, amma kowace ganga da halinta take fitowa. Aikina in gauraya su har su yi kama da ta bara. Ni kuwa ina ji da karatuna, gani nake babu ɗanɗanon da ma'auni ba zai kama ba.

Wata rana da hantsi na buɗe gangar da ke bakin taga, wadda rana ke kwanciya a kanta. Ƙamshin da ya buso ya tsayar da ni cak: ɗan tsami, hayaƙin itace, da wani abu kamar jiƙaƙƙiyar dawa. Sai ga ni a tsakar gidan Kaka a ƙauyenmu can wajen Kafanchan, manyan tukwanen burkutu suna kumfa, ita kuma tana juyawa tana waƙa ƙasa-ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Maigidana, mai kamfanin, ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya ce ta lalace, a zubar. Da kyar na roƙi kwalba huɗu.

Ranar Lahadi bayan coci na kai kwalba ɗaya wa gwaggona, ƙanwar babana, wadda ta zo renon jika a Fort Washington, wani gari kusa da mu. Ta ce ita ba ta sha a kofin gilashi, sai da aka sauko da ƙwaryar da aka rataya a bango don ado. Ta kurɓa, ta lumshe ido.

“Ɗana,” ta ce, “ina ka samo hannun uwata a ƙasar Turawa?”

Lahadi uku muka yi haka, kowace da kwalbarta. Takan zauna tana kallon kogi ta taga, tana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa kamar yanzu za su yi sallama. Ana saura kwana biyu ta koma gida ta ce in kawo ta ƙarshen mu yi bankwana da ita. Na ƙi.

“Gwaggo, wannan ta gwaji ce. Da ita zan auna, in yi miki ganga guda cur kafin ki dawo.”

Ta yi dariya har da tafa hannu. “Kai da bokonka! Kakarka ta tsufa tana dafawa, ba ta taɓa yin iri ɗaya sau biyu ba. Shi ya sa duk wanda ya shigo yake tambaya, yaya ta yau?”

Ban ji ba. Shekara uku ina fama: ganga ɗaya, taga ɗaya, har zafin ɗakin nake rubutawa. Ta farko ta fito da zaƙi, ta biyu salam, ta uku ba a magana. Ina cikin cunkoson babbar hanya wata safiya aka bugo daga gida cewa Gwaggo ta rasu.

Da na koma masaukina na ɗauko kwalbar ƙarshen nan na buɗe. Ta zama ruwan tsami zalla, ko a baki ba ta riƙuwa. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka, na kuma ji haushin kaina ƙwarai.

Tun daga ranar na gane cewa wani daɗin sau ɗaya yake zuwa. In ya zo, kuma wanda kake ƙauna ya miƙo ƙwarya, to ka zuba masa a ranar.