Mai Hular Baba Kure

A tashar Kuje, inda marigayi Baba Kure, tsohon soja, uban 'ya'ya shida, ya shekara takwas yana rubuta lambar kowace mota kyauta saboda ɓarayin fasinja, yau wani baƙo ne tsaye. Hular Baban ce a kansa, ta yi masa yawa. Siriri ne, takalminsa na sheƙi, idonsa ba ya tsayawa wuri guda.

Tun ranar da aka jefo ni daga mota a hanyar Kwali, ba waya ba takardun digirina, na daina yarda da tsabtar mutum. Wa ya ba shi littafin Baba?

"Mama Rosemary, wane ne wannan?" na tambayi mai gasa masara.

"Wai ɗansa ne daga Uke. Ni dai ban gan shi wajen binne Baba ba."

Baba yakan karanta lambar da ƙarfi, direba ya ji. Wannan kuwa shiru yake rubutu, yana rufe shafin da hannu. Mota ta tsaya, saura mutum ɗaya. Ya yi mini nuni in shiga.

Ƙarfe goma ake jirana wajen neman aiki. Ban motsa ba.