Lokacin da Fulani Suka Kira Ni Ƙanen Jangali

Assalamu alaikum, Edita. A shekarun da zan ba ka labarinsu, cikin alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, kafin a sami mulkin kai, ni saurayi ne ɗan manomi daga Ƙofa ta ƙasar Bebeji, mai sabon kaki da sabon keke, mai ganin duk wanda bai iya riƙe fensir ba kallo kawai ya zo yi duniya. Na gama makaranta, aka koya mini aikin dabbobi a birni, aka turo ni Tudun Wada a matsayin malamin dabbobi, amma na gwaji. Babban malaminmu bai ɓoye mini komai ba. Ya ce bayan kaka za a yi wa shanun yankin allurar bushiya, ciwon nan da yake share garke guda cikin ɗan lokaci, kuma ni zan tara shanun. In sun taru a tabbatar mini da aiki, in ba su taru ba a ba wani. A gida kuwa mahaifina ya riga ya raba wa ƙannena aikin gona, ba kuma wanda bai gaya wa a ƙofar masallaci cewa ɗansa ya zama malami ba.

Kada ka ɗauka ban san aiki yana son jama'a ba. Na sani, an ma yi mini nasihar tun kafin in taso. Sai dai ni a ganina jama'a su ne masu kaki irina da masu zama kusa da hakimi. Ina isa garin sai na tarar malamin jangali, mai karɓar harajin shanu, abokin karatuna ne. Na yi murna kamar an yi mini albishir da Makka. A gidansa na sauka, akushi ɗaya muke sa hannu, kullum kekunanmu a jere. Lokacin damina ta kusa ɗaukewa, yana ƙarasa zagayen jangali, sai na ce bari in riƙa bin sa ruga-ruga, in san wurare ba tare da wahala ba. Har yabon kaina na yi a kan wannan dabarar.

Abin da na riƙa yi a rugagen nan, ko yanzu in na tuna sai in rufe fuska. Muna sauka, abokina ya zauna da manya, ni kuwa in miƙe in nufi garke, ina nuna shanu da fensir ɗaya bayan ɗaya, baki yana motsi, don in san yawan maganin da zan nema. In juyo in tambayi dattijo a gaban 'ya'yansa ko shanunsa nawa ne. In ce kai, amma wannan garke da girma yake, ko tubarkalla babu. Daga nan in hau bayanin allura, in ƙara da cewa duk saniyar da aka yi wa za a ɗan tsaga mata kunne don a gane ta. Su kuwa su saurare ni da ladabi, kai a sunkuye, su ce to, Allah ya kai mu lokacin. Ni kuma in hau keke ina cewa a raina ban taɓa ganin mutane masu saurin fahimta irin waɗannan ba.

Da aka gama girbi na koma ni kaɗai don in sanar da rana. Ruga ta farko na tarar da toka da kashin shanu da bukkoki ba kowa. Ta biyu haka, ta uku haka. Manoman da suka saba a zauna musu a gona bayan kaka, shanu su ci kara su bar taki, suka ce bana Fulani sun yi kudu, sun shige wajen dajin Falgore, ba su kuma faɗi dalili ba. A kasuwa in na nufi masu nono sai su rufe ƙwarya da faifai su ce ya ƙare, alhali ina ganin sa a cike. Ana cikin haka saƙo ya zo cewa an ji ɗuriyar bushiya a wata ƙasa can kudu da mu, babban malami kuma yana tafe da magani da ma'aikata. Na sa leburori suka kafa shingen da za a riƙa shigar da shanu, ya tsaya kyam a bayan gari, ba ni da ko maraƙin da zan sa a ciki. Tsoro ya kama ni, Edita, tsoro na gaske. Abinci ya daina shiga, har matar abokina ta aiko a tambaye ni ko miyarta ce ba ta yi mini ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tunanin yadda zan shiga Ƙofa ina tura keke, ba kaki, in wuce ta ƙofar masallacin nan.

Cikin aikina har da duba nama a mahauta, kuma a nan Allah ya kawo mini mafita. Sarkin pawan garin mutum ne mai ƙiba da barkwanci, ba ya ganin mutum ya ƙyale shi. Rannan ya dube ni ya ce na rame har in da akuya ce ni ba zai saya ba, ya tambayi abin da yake ci na. Da ma na cika, sai na zazzage masa komai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya tambaye ni ko na san sunan da Fulani suka sa mini. Na ce a'a. Ya ce Ƙanen Jangali. Ya ce mutumin da ya zo da malamin jangali, yake kwana gidansa, yake ƙirga shanu da sanda ƙarama, yake kuma cewa zai yi musu alama a kunne, wane makiyayi ne zai tsaya jiran sa? Ya ce shi dai mahauci ne, Fulani ba sa sakin jiki da mai wuƙa, amma zai haɗa ni da wanda in ya ce musu su zo, za su zo. Ya wanke hannu ya ja ni har kara, wurin da ake cinikin shanu.

Wanda ya kai ni wurinsa wani dattijon dillali ne, siriri, mai jan baki saboda goro, wanda Fulani suke sauka a gidansa duk ranar kasuwa. Na sha wuce shi a kan keke, iyakata da shi ɗaga hannu. Wannan karon na durƙusa na gaishe shi sosai. Ya saurari sarkin pawa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce zai gani. Abin da ya fara sa ni shi ne in cire kaki in sa riga irin ta mutane, in riƙa zuwa ranar kasuwa in zauna a tabarmarsa, kada in yi maganar allura ko da wasa. Haka na yi, ina zaune ina ƙuna, ranar zuwan babban malami tana matsowa, shi kuwa ba abin da ya dame shi. Duk Bafulatanin da ya zo sai ya nuna ni ya ce wannan ɗansa ne, malamin lafiyar shanu. Wasu su kau da kai, wasu su amsa gaisuwata a taƙaice. A nan ya koya mini cewa ba a tambayar makiyayi yawan shanunsa, ba a nuna su da yatsa, kuma in ido ya faɗa kan kyakkyawar saniya, tubarkalla ce take fara fita daga baki. Da na ce masa lokaci yana ƙurewa, sai ya ce ni na ɓata abin da gaggawa, ba kuma da gaggawa za a gyara shi ba.

Sai da ya ga dama sannan ya ce in sayi goro da kanwa, mu je gaida arɗo, shugaban Fulanin yankin. A ƙafa muka ƙarasa, don ya ce in bar keken a wani ƙauye. Arɗon tsoho ne mai ƙarancin magana. Aka shimfiɗa mana buzu, aka kawo kindirmo, muka sha, aka yi ta gaisuwa har na ɗauka ba za ta ƙare ba. Shanu suna ta kai da kawowa a gefena, ni kuwa na kafe idona a kan ƙwarya kamar mai neman wani abu a ciki. Can arɗo ya ce ya san bushiya, a gabansa ta cinye garken mahaifinsa yana yaro, ba ya gudun magani. Abin da yake gudu shi ne a tara su da sunan allura, baɗi kuma a biyo tsagar kunne a ce ga shanun wane. Na rantse masa cewa ofishinmu jimlar shanun da aka yi wa allura kawai yake so, ba ya tambayar na wane ne. Na ga alamar rantsuwata ba ta da nauyi a wurinsa, kuma da gaskiyarsa. Sai dillalin ya gyara zama ya ce shi ya tsaya mini. Ya ce in wani abu ya biyo bayan allurar nan, kada Bafulatani ya sake sauka a gidansa, kada a sake ba shi ko tunkiya ya sayar. Na san da wannan sana'ar yake ci da iyalinsa, ni kuwa ko dangin nesa ba mu haɗa ba. Arɗo ya ce ya ji, zai yi shawara da mutanensa.

Saura abokina. Na daɗe ina juya yadda zan gaya masa, don mutumin nan bai yi mini komai ba sai alheri. Da na daure na faɗa, na ƙara da cewa zan tashi daga gidansa in kama ɗaki kusa da kara, sai ya ɓata fuska, ya ce ashe shi ne dodon. Daga baya ya yi dariya ya ce shi ma da saniya ce shi da ya gudu. Ya ce in tafi ba komai, kuma ranar allura zai tsiri tafiya Kiru gaida surukansa, zai kuma bi ta tsakiyar kasuwa da kayansa a bayan keke don kowa ya ga fitarsa. Haka kuwa ya yi.

Ranar ta zo. Babban malami ya iso a mota da magani da masu kaɗa shanu, aka hura wuta aka tafasa allurai. Rana ta fito, ba saniya. Hantsi ya yi, ba saniya. Babban malami sai duban agogo yake yi yana duban hanya, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Dillali yana zaune gindin wata ɗorawa yana cin goro kamar ya zo kallon kasuwa. Na je na tsuguna na ce masa na shiga uku, ya ce in koma bakin aikina in daina zarya a gaban mutane. Rana ta kusa tsaka sai ga arɗo ya ɓullo da sanda a kafaɗa, yana kore da 'yan tsofaffin shanu da ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Na ji kamar in fashe da kuka, na ce shi ke nan, abin da zan samu ke nan. Amma na tare shi na gaishe shi, na ce tubarkalla, muka yi musu allura a natse, aka tsaga kunne, ba wanda ya tambaye shi suna, ba wanda ya rubuta komai sai jan layi ɗaya a kan kowace allura. Ya tsaya yana kallo har aka gama, ya shafa bayan kowace saniya, sannan ya juya ya ɗaga sandarsa sama. Ashe mutanensa suna laɓe a bakin kurmi tun safe suna kallon mu. Na fara jin kukan shanu kafin in gan su, sannan ƙahoni suka riƙa fitowa daga cikin itatuwa, garke yana bin garke, har hanyar ta toshe. Sai na zauna a ƙasa da farar rigata ina ta alhamdulillahi. Babban malami ya ce in tashi, ba yanzu ne lokacin zama ba.

Mun yi kwanaki muna aikin, har magani ya ƙare aka aika birni a ƙaro. Kafin ya tafi, babban malami ya ce na ci gwaji, ya tambaye ni yadda na yi. Na kai shi gindin ɗorawa na nuna masa dillali, na ce ga yadda na yi. Bushiya ta zo daga baya ta taɓa wasu wurare, amma garkunan da muka yi wa allura sun tsira. Da aka mayar da ni wajen Doguwa, ban sake neman ruga da keke ba. Arɗo ya riga ya aika wa 'yan'uwansa na can cewa ɗan gidan dillali yana tafe, ranar da na isa har da mai kawo mini nono.

Na yi shekaru masu yawa a aikin nan har na yi ritaya, kuma abin da na gane shi ne takarda tana sa a ɗauke ka aiki, amma mutane ne suke barin ka ka yi shi. Don haka nake jan kunnen matasa masu kama sabon aiki. In an tura ku wuri, kada ku tsaya kan wanda ya yi kama da ku don kun saba da shi. Ku fara tambayar waɗanda za ku yi wa aikin wa suke jin maganarsa, ku je ku durƙusa ku gaishe shi tun ba ku da buƙata, ku kuma lura da wanda ake ganin ku tare da shi a makon farko, don da shi za a auna ku. In kuma wani ya tsaya muku, ku riƙe amanarsa da hannu biyu, don abincin iyalinsa ya ajiye a kanku. Dillalin nan ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa jin ya gaya wa kowa abin da ya yi mini ba, shi ya sa na ga ya kamata ni in faɗa kafin ni ma in bi shi.