Sukurun Gadon Baba

Shekara biyu ina koyon haɗa get mai buɗe kansa a wani shago a Jikwoyi, amma a gidanmu har yau ni ce "yarinyar nan mai wasa da waya".

Da ɓarin jikin Baba ya shanye, abin da ya fi ci masa rai shi ne sai ya kira wani ya ɗago shi kafin ya ci abinci. Na samo tsohon gadon asibiti, na ɗaura masa ƙaramin inji mai tura sandar ƙarfe, da batir, da maɓalli kusa da hannunsa mai lafiya. Ranar farko sau tara ya hau ya sauka, yana dariya da rabin baki.

Tsakanin batir da injin na sa 'yar na'urar kariya. Idan inji ya ci karo da abin da ya fi ƙarfinsa, yakan ja wuta fiye da ƙima, ita kuma sai ta yanke kafin ya ƙone. Akwai ɗan sukuru a jikinta da ake saita iyakar. Yini guda na yi ina murɗa shi kaɗan-kaɗan daidai nauyin Baba.

Wata Asabar ogan shagonmu ya tura ni aiki Bwari. Da la'asar na dawo, tun daga ƙofa na ji ƙaurin waya.

"Wa ya taɓa gadon nan?"

Yayana yana tsakar gida yana cin gyaɗa. "Abin naki ne ya yi ta yankewa in za a sauke shi. Na ƙure sukurun, ya sauka lafiya lau."

"Lafiya lau? Hancinka ya toshe ne?"

"Ke, ki iya bakinki, injiniyar bola. Kayan China ne kawai."

Na durƙusa na leƙa. Akwatin ƙarfensa na kayan sana'arsa ne Yaya ya tura ƙarƙashin gadon, wai ɗakinsa ya cika. Gado na saukowa yana danne akwatin, na'urar na yankewa, aikinta ke nan. Maimakon ya sunkuya ya duba, sai ya ɗauko wuƙar kicin ya murɗe. Murfin akwatin ya lotse, injin ya yi baƙi.

"Yaya, da ƙafar Umma ce a wurin fa?"

"Ai ba ita ba ce."

Na jawo akwatin na wurga tsakar gida. Umma ta ce in ji tsoron Allah, yayana ne. Ba wanda ya ce masa komai.

Oga ya ce irin injin sai an aiko daga Legas, mako biyu in an yi sa'a.

Da safe na shiga da ruwan alwala, na tarar da Baba kwance yana ƙoƙarin shan kunu da kansa. Ya zubo masa har cikin kunne.

"Baba, me ya hana ka kira ni?"

Ya juya fuska bango.

Na ajiye butar, na tafi buga ƙofar Yaya ya zo ya ɗago shi.