Minti Biyu Ba Ya Isar Gaisuwa

Laifina ɗaya ne a cikin maganar nan, na danna "eh". Kwamfutar cinya ce da aka raba mana a ofis bayan dawowar mulkin farar hula, lokacin da kowane shugaba ke son a ce ma'aikatansa sun waye. Wata safiya ta tambaye ni ko in bar ta ta sabunta kanta. Na ce to, wa ke ƙin sabo? Tun daga ranar, in ta kama intanet sai ta riƙe minti biyu ta saki.

A gidanmu na Ƙofar Guga muna jan intanet ne ta iska daga shagon maƙwabcinmu mai buga takardu. Da can ko a ɗaka kwamfutar tana kamawa. A satin da ta lalace ne aka bugo daga Makka cewa yayar mahaifiyata, wadda ta shekara talatin a can, tana asibiti, jiki ya yi tsanani.

Inna, mahaifiyata, tana da magana da ita. Ranar da uwarsu ta rasu, cikin zafin rai ta ce wa yayar tata ita ta kashe tsohuwa da baƙin ciki. Ba su sake tayar da zancen ba har yayar ta tafi. Na ce ga waya, ta nemi gafara. Inna ta ce ba a neman gafara a bayan ido, sai ta ga fuskarta. Ɗiyar yayar tana da kwamfuta mai kyamara, kuma bayan la'asar kaɗai ake barinta shiga ɗakin marasa lafiya.

Babu abin da ban yi ba. Na kashe na kunna, na cire batir, na goge sunan shagon na sake sa lambar sirri. Na ɗauko Inna da ciwon ƙafarta na shimfiɗa mata tabarma a gindin katangar maƙwabci. Na kai wa wani mai gyara a Ƙofar 'Yandaka, ya ce sabuntawar ce ta ɓata direba, wato manhajar da ke kama iska, in bar masa ita kwana uku. Ina na ga kwana uku? Da na gaya wa Inna sai ta ce, "To a sallami direban mana, a ɗauki wani."

Ranar farko fuskar yayar ta fito a allo, kanta a kan matashi, ta rame. Inna ta gyara lulluɓi.

"Yaya, kun wuni lahiya? Ya jiki? Ya ɗiya? Ya zahi?"

Ita ma ta amsa ɗaya bayan ɗaya, ta shiga tambayar mutanen unguwa, har da waɗanda suka daɗe a ƙasa. Layi ya yanke. Na yi ta dannawa har ya dawo, sai na ji Inna ta ce, "Yaya, kun wuni lahiya?" Sau biyar aka yi haka. Kamar in fasa ihu. Ranar ta biyu ma haka muka ƙare.

Na durƙusa na roƙe ta. "Inna, don Allah da ta fito ki faɗi maganar. Gaisuwar nan ita ke cinye mu."

Ta dube ni kamar na ce ta shiga masallaci da takalmi. "In hwaɗa wa yayata da magana ba gaisuwa? Mi ka ɗauke ni?" Amma da gari ya waye ta ce ta yarda.

Ranar ta uku layi na kamawa Inna ta buɗe baki, sai yayar ta riga ta. Murya can ƙasa, ta ce, "Kun wuni lahiya?" Ƙanwa kuwa ba ta tsallake gaisuwar yaya. Inna ta amsa, ta amsa, idona yana kan ƙananan sandunan nuna ƙarfin intanet da ke kusurwar allo. Da ƙyar ta samu ta ce, "Yaya, dama maganar ranar rasuwar Iya ce."

Nan sandunan suka ɓace. Hoton ya tsaya cak, ido buɗe yana kallon Inna. Ita ba ta sani ba. Ta faɗi komai, tana kuka, ta ce shaiɗan ne, ta ce ki yahe mani har sau uku. Na kasa katse ta. Ban taɓa jin rashin amfanina kamar a lokacin ba. Layin bai sake kamawa ba har aka fitar da ɗiyar daga ɗakin marasa lafiya, kuma washegari da hantsi aka bugo cewa yayar ta cika.

Bayan sadakar uku Inna ta kira ni ɗakinta ta sa na tura ƙofa.

"Kai ka san na'urar nan. Ta ji ni, ta yi shiru tana kallona? Ko ba ta ji ba?"

In na ce ta ji, to ta ƙi yafewa ke nan. In na ce ba ta ji ba, to maganar ba ta isa ba, kuma babu sauran wanda za a kai wa. Inna tana jira, ta kafa mini ido.