Koren Zaren Yayana

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, ina tsakiyar wankin mota matarka ta kira ni ta ce ka faɗi a gareji. Kafin in iso, Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinSa. NaSa muke dukkanmu, kuma can muka nufa. Amma Yaya, ka tafi ka bar ni da wata magana mai nauyi, ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Mutane sun san ka da gyaran famfo. Mu 'yan gida mun san famfo neman abinci ne kawai, zuciyarka tana wajen baka da kibiya. Tun da ka shiga ƙungiyar masu wasan harbi, motarka ta koma kwana a waje, garejin ya zama na kibau. Ba ka taɓa yarda da kibiyar kanti yadda ta zo ba. Sai ka auna hannun mai ita, ka rage tsawonta da ɗan zarto, ka goge bakin da sanfefa, ka sauya tsinin, ka manna mata sabon gashi kana hura gam kamar mai fifita shayi. Rabin 'yan ƙungiyar da aikinka suke harbi, kuma duk wanda ya ce zai biya sai ka miƙa masa tsintsiya ya share maka gareji.

Akwai abu ɗaya da ba ka wasa da shi. Kibiyar zamani takan tsage ta ciki, ido bai gani ba, kuma in aka sake ta daga tsirkiya tana iya tarwatsewa ta shige hannun mai baka. Shi ya sa kowace kibiya sai ka kai ta kunne, ka lanƙwasa ta a hankali kana juyawa. In ta yi ɗan ƙara, ta tafi shara komai tsadarta. In ta yi shiru, ka ɗaura mata koren zare a gindi. Na sha tsokanarka cewa kana sauraron kibiya fiye da yadda kake sauraron matarka. Kowa ya san in an ga koren zarenka, a harba ba fargaba.

Bayan an watse daga zaman makoki, matarka ta ja ni gefe. Ta ce tun bara kunnenka ya yi nauyi, ka hana ta faɗa wa kowa. Ta ce takan tsaya a bayanka ta yi sallama, ba ka juyo ba. Nan take na tuna aikinka na ƙarshe: kibau ne da ka gyara wa Autarka don gasar da za ta shiga. Duka ka ɗaura musu zare. Ita kuwa tela ce, da hannun nan take ciyar da 'ya'yanta.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji haushinka, Yaya. Mutumin da ya hana mu wasa da hannuwanmu, me ya hana ka ce wani ya ara maka kunne? Daga baya na tuna kai ne ake kawo wa aiki, ba ka saba kai wa kowa ba, sai tausayinka ya kama ni.

Na sami Autar taka a shagonta na faɗa mata. Ta tsayar da keken ɗinki.

Ta ce, “Baffa, abin da ya bar min ke nan. In na gwada su, kamar na ce ban yarda da shi ba.”

Na ce, “'Yata, shi da kansa ba zai bari ki harba abin da kunne bai ji ba.”

Washegari ta zo garejin da kibau a kwari. Muka rufe ƙofa saboda hayaniyar titi. Tabaraunka yana nan kan benci inda ka ajiye, kusa da magagari. Ita ta riƙa lanƙwasawa, ni ina tsaye ina addu'a a zuci kada ko ɗaya ta yi ƙara, don a rufa maka asiri. Aka yi ta wucewa shiru. Sai ɗaya ta yi, ɗan ƙaran da bai kai na taka busasshen ganye ba. Mu biyun mun ji.

Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta juya kibiyar, ta shafa zaren da babban yatsa, ta ce, “Baffa, dubi ƙullin. Ya ɗaure shi da kyau kamar sauran. Shi a wajensa shiru ta yi.” Ni ne na kasa tsayuwa a garejin.

Allah Ya gafarta maka, Yaya, Ya yafe abin da ka ɓoye don kunya, Ya saka maka da alheri a kan kowane hannu da ka kare. Ya haskaka makwancinka, Ya ba matarka da 'ya'yanka haƙuri. Sauran 'yan ƙungiya da ka yi wa aiki tun bara, gobe zan bi su gida-gida. Allah Ya ba ni bakin da zan faɗa musu ba tare da na rage maka daraja ba. Amin.