Liƙin da Na Yi wa Abokina a Guangzhou

A shekarar da China ke shirin wasannin Olamfik, ina yaro ɗan shekara goma sha bakwai, kuma duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou a lokacin, in bai san fuskata ba to ya san muryata, domin bakina ba ya rufuwa sai barci ya kama ni da kokawa. Kawuna ne ya ɗauko ni daga Kano wai in koyi sayen kaya da lodin kwantena. Lodi dai na koya sama-sama. Abin da na ƙware a kai shi ne cika baki, musamman a kan gidajen rawa da na kiɗa na garin.

Duk yaron da ya sauka sabo, ni ke zaunar da shi in jera masa su. In ce akwai wani a ƙarƙashin wani otel a titin Huanshi Lu, inda makaɗa 'yan Filifin ke rera kowace waƙa ta duniya, ko tari ka yi sai su bi ka da jita. Akwai na bakin kogi, wanda fitilunsa za su ishi Kano da kewaye har a sayar wa Katsina ragowa. Akwai wani rami mai hayaƙi inda samarin Sinawa masu dogon gashi ke dukan ganguna kamar gangunan sun zagi iyayensu. Amma wanda ya fi duka, nakan ce, shi ne na saman bene inda 'yan Kongo ke kiɗa ranar Asabar. Gaskiyar magana, ɗaya kawai na taɓa shiga, shi ma lemo na sha, kwalba ɗaya na riƙe har ta yi zafi a hannuna. Sauran daga tagar tasi na san su, sai kuma fuskokin masu gadin da suka kore ni.

A masaukinmu akwai wani ɗan Maraɗi da ya girme ni da kaɗan, shiru-shiru, irin mutanen da in sun yi dariya sai sun rufe baki. Mahaifinsa babban ɗan kasuwa ne na kayan babur, idonsa ya fara rauni, shi ne ya turo shi a karon farko shi kaɗai, ya ga ko zai iya riƙe sayayyar gidan. Idan ya yi kyau, harkar China ta zama tasa. Biza ta yi wuya sosai a shekarar, da ƙyar ya samu tasa. Ni nake ce masa Musiye saboda Faransancinsa, shi kuma yana ce min Bakano mai baki biyu. A ƙasan jakarsa akwai gurmi da ya ɓoyo, domin mahaifinsa ya hana shi kiɗa tun yana ƙarami, yana cewa gidansu ba su gaji roƙo ba. Bayan sallar isha yakan fito da shi ya kaɗa a hankali, ya tura tsumma ƙarƙashin tsirkiya don kada a ji a waje. Wata rana ya gaya min ba shi da wani buri sai ya ji yadda gurminsa zai fita a lasifika, sau ɗaya tak, daga nan ya haƙura.

Nan take bakina ya riga hankalina. Na ce masa ai wannan ƙaramin abu ne, mai gidan kiɗan 'yan Kongo abokina ne, laoban nake ce masa, wato maigida, shi kuma yana ce min ɗan'uwa, har shinkafa muke ci kwano ɗaya. Ya yarda, domin shi bai iya ƙarya ba, bai kuma san kamanninta ba.

Kawu ya sha gargaɗinmu cewa gari ya ɗau zafi saboda wasannin, ana duba takardun baƙi ko'ina, kowa ya riƙe fasfonsa, kada kuma wanda ya yi wani abu da bizarsa ba ta ce ba. Mun ji na fasfo. Na biyun ban ma gane abin da yake nufi ba. Ranar wata Asabar kawu ya tafi tashar jiragen ruwa ta Nansha kan maganar kwantena zai kwana can. Abokina ya sa shaddarsa ta Juma'a, ya naɗe gurmi a zani, muka fita.

Da muka isa, na nufi mai gidan da fara'a ina laoban, laoban. Ya dube ni kamar an jefo ni ta taga, ya ce meyo, wato babu. Na juya na gaya wa abokina wai wasa ne muke yi da shi haka kullum. Allah ya sa mai jitar 'yan Kongo ya hango abin da ke cikin zanin. Suka yi Faransanci da abokina, ya karɓi gurmin ya jujjuya, ya yi dariya, ya ja shi kan dandamali ya sa masa lasifika a gaba.

Ban taɓa jin kiɗa irin na ranar ba, kuma wannan karon ba ƙari nake yi ba. Da farko abokina ya ɗan taɓa tsirkiya sama-sama. Can sai ya rufe ido ya saki yatsu, ya ɗora murya, mai ganga ya bi shi a hankali, ɗakin nan da ake ihu ya yi tsit. Na ga wani ƙato ɗan Mali yana share ido. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina gaya wa na kusa da ni cewa ni na koya masa.

Sai na yi abin da kowane ɗan Kano zai yi idan makaɗi ya taɓa masa zuciya. Na zaro 'yan kuɗin da ke aljihuna, na haye dandamali, na fara liƙa masa a goshi ina yi masa kirari, ina cewa ga na Maraɗi gagara gasa, ga Musiye angon lasifika. Ya buɗe ido yana girgiza min kai, ni kuwa na ɗauka kunya ce. 'Yan Afirka da ke wurin suka taso suka bi sahuna. Sinawa suka ga abin ya ba su sha'awa, su ma suka shigo layi suna dariya suna ɗaukar hoto. Kafin ya kai ƙarshen waƙar, kuɗi sun rufe masa takalmi.

A haka aka kunna manyan fitilu, jami'ai suka shigo duba takardu. Ban ji tsoro ba, har da taƙama na miƙa fasfona, na san na abokina ma lafiya lau yake. Amma shi ba fasfo kaɗai suka tambaye shi ba. Ta bakin tafinta suka tambayi wa ya ba shi izinin yin aiki, tunda bizar kasuwanci gare shi. Ga mutum a kan dandamali, ga kayan kiɗa a hannu, ga takardar kuɗi gumi ya manne ta a goshinsa. Na yi ta bayani cewa al'ada ce, ba biya ba ne, a garinmu haka ake girmama mutum. Sinancina bai wuce na gaisuwa da neman ragi ba, Turancina kuma ya gudu ya bar ni. Suka tambaye shi ko wani ne ya kawo shi. Ya dube ni, ya ce shi kaɗai ya zo.

Da kawu ya dawo bai dake ni ba. Na so a ce ya dake ni. Shi da dattawan 'yan kasuwa suka yi ta zirga-zirga, amma ƙarshenta an soke bizar, aka ce ya bar ƙasar, ba kuma zai dawo nan kusa ba. Kawu ne ya ƙarasa masa sayayya ya yi lodi. Ranar da zai tafi na riƙe masa jaka ina kuka kamar an yi min mutuwa. Ya dafa kafaɗata ya ce in yi shiru haka nan, Bakano, ai ko ba komai sau ɗaya na faɗi gaskiya a rayuwata, gidan kiɗan yana da kyau. Ya yi dariya, amma bai rufe baki ba, kuma ba ta kai ido ba.

Labari ya riga shi isa Maraɗi, kuma ya isa da ƙafa huɗu. Aka ce an kama ɗan Alhaji yana roƙo a gidan giya a China, har da hoto a wayar wani. Mahaifinsa ya ɗauki harkar China ya ba ɗan ƙanensa. Abokina yanzu yana zaune a shago yana miƙo wa masu saye kaya daga kanta. Idan na kira shi yakan ɗauka, mu gaisa, ya tambayi kawu, sai ya ce ana kiransa.

Da muka je gida hutu na roƙi kawu ya bar ni na shiga mota har Maraɗi. Na durƙusa gaban tsohon na gaya masa komai, cewa ƙaryata ce ta fitar da ɗansa, hannuna ne ya fara liƙin. Ya saurare ni har na gama, ya sa aka kawo min fura. Sannan ya ce, yaro, na ji kai ka liƙa, to wa ya hau dandamalin da gurmi a hannu? Na shanye furar, na yi masa sallama, na kama hanyar Kano.

Shi ya sa na rubuto, don samari irina da iyaye ke turawa ƙasashen mutane. Abin da yake girmamawa a garinku yana iya zama laifi a garin wasu, kuma babu wanda zai tsaya ya ji bayaninka. Ku tambayi manya kafin ku yi abin da kuka saba. Sannan in kana da aboki mai yarda da duk abin da ka faɗa, ka ji tsoron Allah a kan abin da kake gaya masa. Ni na yi ƙaryata ne don a yi dariya, an kuwa yi, amma ni na ci gaba da zama a Guangzhou, shi ne ya koma gida.